BAYAN BAM YA TASHI: FIM ƊIN DA YA KAMATA A ƊAUKA A DUGABAU

Duk mai shiga gidan kallo, ko mai kai waya shago a tura masa finafinai, ya san irin fim ɗin nan na Turawa da ake buɗe shi da kango. Gari ya ƙone ƙurmus, motoci sun yi tsatsa a kan titi, sama ta yi jawur, ga wani ƙato shi kaɗai yana tafe da bindiga a kafaɗa. Kafin ka gyara zama an gaya maka abin da ya faru: manyan ƙasashe sun gwabza yaƙi, sun jefi juna da makaman ƙare-dangi, 'yan tsirarun da suka yi saura kuma su ne ke fafutikar sake kafa rayuwa daga tushe.

Wasu 'yan kallo kan kira su finafinan tashin duniya. Sunan bai dace ba, domin ranar da duniya za ta tashi babu mai saura balle ya ba da labari, kuma sanin wannan rana sai Allah. Waɗannan labarai ne na masifar da ɗan Adam ya jawo wa kansa da hannunsa, da yadda ake miƙewa bayan an sha ƙasa.

Tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, industiri ta yi soyayya, ta yi kishi, ta yi rikicin gado, ta yi sarauta, ta yi barkwanci har an ƙoshi. Amma wannan fage furodusoshinmu ba su cika leƙa shi ba. Da ka tayar da maganar sai a ce ai aikin Turawa ne, sai mai miliyoyin daloli. Mu kuwa a ganinmu, in aka kalli finafinan nan da idon basira, babu wanda ya fi Bahaushe kayan aikin shirya irinsu. Lokeshan ɗin ma ba shi da nisa. A hau titin Gwarzo daga Kano, a wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado, a shiga ƙaramar hukumar Kabo, a nemi Dugabau.

ME TURAWAN SUKA NUNA?

Mu fara da wanda ya fi girgiza mutane. A watan Nuwamba na 1983 gidan talabijin na ABC a Amurka ya nuna The Day After, wanda Nicholas Meyer ya ba da umarni. Kimanin mutum miliyan 100 ne suka kalle shi a dare guda. Shugaban ƙasar na lokacin, Ronald Reagan, shi ma ya kalla, kuma ya rubuta a littafin ajiyar bayanansa cewa fim ɗin ya jefa shi cikin damuwa. Akwai wata fitowa a ciki da ta cancanci a tsaya a kanta. An tara manoman da suka tsira, jami'in gwamnati yana ce musu su kankare saman ƙasar gonakinsu su zubar saboda ta gurɓace. Manoman suka tsaya suna tambayar ina za su kai ƙasar, da me kuma za su shuka a abin da ya rage.

Shekara guda bayan nan, a 1984, BBC ta fitar da Threads, labarin birnin Sheffield na Ingila. Wannan kam ba a cin abinci ana kallon sa. Ba a tsaya kan ranar da bam ya faɗa ba, an bi mutanen har shekara 13 gaba. Ga Turawan da suka saba da tarakta da kantin zamani sun koma tonon ƙasa da kayan hannu, jiki duk ya yanƙwane, amfanin gonar bai taka kara ya karya ba.

Sai gidan su Mad Max na darakta George Miller, wanda samari suka fi so saboda tsere da duka. A na biyu, na 1981, Mel Gibson ya faɗa rikicin da ake yi a kan wata 'yar matatar fetur. A Fury Road na 2015, wanda aka ɗauka a hamadar Namibiya kuma ya ci kyautar Oscar shida, bos ɗin fim ɗin ruwa ya riƙe. Yakan buɗe famfo na 'yan mintuna, talakawa su yi ta turereniya da kwanuka, ya rufe abinsa. A cikin fim ɗin akwai wata tsohuwa da ke yawo da jaka cike da iri, tana neman ƙasar da za ta karɓi shuka.

A The Book of Eli na 2010, Denzel Washington ya shekara 30 yana tafiya a ƙasa ɗauke da kwafin Baibul na ƙarshe. Bos ya ƙwace littafin, sai ya tarar da rubutun makafi ne, ba zai iya karantawa ba. Ashe jarumin ya haddace shi tsaf, ya zauna ya karanto shi da ka aka sake rubutawa. Sai kuma Fallout, shirin nan mai dogon zango da ya fito a Prime Video a 2024, inda jikokin masu hali suke zaune a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa fiye da shekara 200 bayan yaƙin, suna noman masara a cikin rami. Indiyawa ma sun shiga layin rugujewar duniya da Kalki 2898 AD na 2024, wanda Prabhas da Amitabh Bachchan suka fito a ciki.

To, mai karatu, ka cire bindigogi da motocin ka ajiye gefe, me ya rage? Ruwa, iri, ƙasar noma, ilimin da ke cikin kai, da shugaban da zai raba abu da adalci. Abin da ake kashe juna a kansa kenan a duk finafinan. Kuma waɗannan su ne sana'ar yau da kullum a garuruwa irin su Dugabau, Garo, Gude da Getso.

ABIN BAI YI MANA NISA BA

Wani zai ce ina ruwan Bakano da nukiliya? Da ruwansa kuwa. Bam ɗin da Amurka ta jefa wa Hiroshima ranar 6 ga Agusta, 1945, wanda ya hallaka kimanin mutum 140,000 kafin ƙarshen shekarar, yawancin ƙarfen yuraniyom ɗin da aka haɗa shi da shi daga Afirka aka haƙo, daga mahaƙar Shinkolobwe ta ƙasar Kongo.

Ranar 13 ga Fabrairu, 1960, Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a kusa da Reggane, cikin hamadar Aljeriya. Ƙarfinsa ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu, kuma daga can zuwa Kano bai kai kilomita 2,000 ba. Lokacin hunturu ne, iska na kaɗowa daga hamada, don haka hankalin ƙasashen Afirka ta Yamma ya tashi ƙwarai. Da Faransa ta yi gwaji na uku a Disamba 1960, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadanta daga Legas a Janairu 1961, ta kuma hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa Nijeriya. Ƙasar da ba ta fi wata uku da samun 'yanci ba ce ta yi wannan. Shi kansa labarin fim ne guda.

A Arlit ta ƙasar Nijar, tun 1971 ake haƙar yuraniyom. An rufe mahaƙar Cominak a 2021, aka bar wa garin tsibin shara mai guba. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin mahaƙa, ta shirya fim na gaskiya a kan haka a 2016, mai suna La Colère dans le vent, wato fushin da ke cikin iska. A nan kusa da mu kuma, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da ƙaramin injin nukiliya na bincike da ya fara aiki a 2004. A 2018 aka kwashe makamashinsa mai ƙarfi, irin wanda za a iya karkatarwa zuwa makami, aka mayar da shi Sin, aka sa masa mai sauƙi.

Marubuta ma sun riga mu kawo labarin gida. Nnedi Okorafor, 'yar asalin Nijeriya da ke Amurka, ta fitar da The Shadow Speaker a 2007, labarin wata yarinya Musulma a ƙasar Nijar a shekarar 2070, bayan yaƙin nukiliya ya sauya duniya. A Kenya, Wanuri Kahiu ta yi gajeren fim mai suna Pumzi a 2009, inda wata budurwa ta gudo daga garin ƙarƙashin ƙasa da tsiro a hannu, ta ba shi ruwanta na ƙarshe. Ko a Hausa ƙagaggen labarin kimiyya ba baƙo ba ne, domin tun 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya.

ABIN DA ZAI ISO KABO

Ƙasashe tara ne ke da wannan makami a yau: Amurka, Rasha, Birtaniya, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa da Isra'ila, ko da yake ita ba ta taɓa amsawa da bakinta ba. Jimillar makaman ta kai kimanin 12,000, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. Afirka ba ta da ko guda, kuma akwai yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 da ta haramta shi a nahiyar.

Saboda haka in Allah ya kiyaye abin ya faru, da wuya wani ya ɓata bam ɗinsa a kan ƙauyen Kano. Abin da zai iso mana yunwa ce. Masana sun ce in manyan birane suka kama da wuta, baƙin hayaƙin zai hau can ƙololuwar sama inda ruwan sama ba ya wanke shi, ya tare hasken rana na tsawon shekaru. Duniya ta yi sanyi, damina ta yi rauni. Wani bincike da masanan Jami'ar Rutgers ta Amurka suka jagoranta, wanda mujallar Nature Food ta buga a 2022, ya ƙiyasta cewa yaƙi tsakanin Amurka da Rasha zai iya kashe fiye da mutum biliyan 5 ta hanyar yunwa, na Indiya da Pakistan kuma fiye da biliyan 2.

Ka ga kenan fim ɗinmu ba ya buƙatar a nuna fashewar komai. Kuma yunwa, ai mutanen ƙasar nan sun san kamanninta. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba. An yi 'Yar Gusau a 1942. An yi farin 1973 da ya kashe dabbobi ba adadi, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya ta ƙarasa dalar gyaɗar Kano, aka sake wani farin a 1984. A irin waɗannan shekaru an ci tafasa da yaɗiya da goruba, an tone gidan tururuwa don neman ƙwayar hatsi, magidanta sun tafi ci-rani wasu ba su dawo ba. Waɗanda suka rage sun sake shuka. Madatsun ruwan da aka fara ginawa zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Tiga, da na yankin nan kamar Guzu-Guzu, da Challawa ta Ƙaraye da aka gama a 1992, duk tsoron fari ne ya haife su. Tsofaffin da suka ga 1973 da idonsu suna nan da rai a Kabo da Gwarzo. Marubucin fim da ke neman labari, ga ɗakin karatu nan a zaune kan buzu.

GA YADDA LABARIN ZAI IYA KASANCEWA

A Dugabau ba a ji ƙarar komai ba. Rediyo ce ta kawo labarin, kwana biyu ita ma ta yi shiru. Waya ta ɗauke. Fetur ya ƙare, injin niƙa da injin ban-ruwa suka tsaya. Motar taki ba ta zo ba, ta magani ma haka. Sai ga mutanen birni sun fara kwararowa ta titin Gwarzo a ƙasa, da katifu a ka, kowa na tuna sunan kakansa da ya bar ƙauye shekara hamsin da suka wuce.

Jarumin fim ɗin yana cikinsu: saurayi mai gyaran waya a Kano, ɗan gayu, bai taɓa riƙe fartanya ba. Jarumar kuwa jikar wata tsohuwa ce da ke da tukwane cike da irin gero da dawa da wake, an cuɗa shi da toka don kada ƙwari su ci. Bos ɗin fim ɗin ɗan kasuwar hatsi ne da ya cika sito tun kafin abin ya faru, yana kuma da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, yana sayar da ruwa a ba shi gona.

Tsakiyar fim ɗin ita ce ranar da yunwa ta kai intaha, matasa suka taru a ƙofar gidan tsohuwar. Jarumin ya ce, "Iya, yara na mutuwa, ki buɗe tukwanen nan a dafa." Ita kuma ta ce, "Ɗan nan, in kun ci yau, me za ku zuba a rami in ruwa ya sauka?" Magana ta kai gaban dagaci. Liman ya tuna wa jama'a ƙissar Annabi Yusuf (AS) da tanadin shekara bakwai. Kowa na da gaskiya, kuma duk hukuncin da aka yanke sai an rasa rai. Wallahi wannan fitowar kaɗai ta fi tseren mota goma riƙe ɗan kallo.

Daga nan sai sake gini. Maƙeri ya yanka ƙarfen matacciyar mota ya ƙera garma da lauje. Masu haƙar rijiya su dawo da daraja. Ardo da manoma su koma tsohuwar yarjejeniya, shanu su kwana a gona su bar taki, a biya da damin dawa. A farfaɗo da gayya. Ungozoma da maɗori da wanzami su zama su ne asibiti, da amfaninsu da kuma iyakarsu, domin dole fim ɗin ya nuna matar da ta rasu wajen haihuwa saboda babu likita. Alarammomi su ci gaba da rubuta Alƙur'ani da ka, da tawada da alƙalamin kara, abin da Turawa suka gina fim guda a kansa a matsayin abin mamaki, mu kuwa muna ganin sa a tsangayu. Shi ma ɗan birnin ba a bar shi a baya ba: shi zai gyara faifan sola, ya tayar da rediyon da za a ji ko akwai sauran mutane a Katsina ko Maraɗi.

KADA MU RUƊI KANMU

Sai dai fa ƙauyen yau ba na 1914 ba ne. Manomi ya dogara da takin zamani, da maganin feshi, da fetur, da babur. Mun ɗanɗana kaɗan daga ciki: kullen korona na 2020, tsadar taki da fulawa bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, ƙarancin takardar naira a farkon 2023, da cire tallafin mai a watan Mayun shekarar. Samari nawa ne a yau suka iya ɗaurin jinka, ko ginin rumbu, ko zaɓen zangarniyar da za a ajiye don iri? Turawa sun ɗauki maganar iri da girma har suka haƙa masa ma'aji a cikin dutsen ƙanƙara a Svalbard ta ƙasar Norway a 2008, kuma cibiyar IITA ta Ibadan na cikin waɗanda suka fara aika nasu. A 2015 masu binciken noma da yaƙi ya kora daga Siriya sun je sun karɓo nasu sun sake shukawa. Mu namu ma'ajin yana hannun tsofaffi, kuma kullum ana kai su makwanci.

A nan industiri ke da bashi a wuyanta. Shekara da shekaru baƙauye a fim ɗin Hausa abin dariya ne: ya shigo birni ya ji tsoron fanka, ya sha ruwan wanke hannu. An yi dariya, an sayar da kaset, ba laifi. Amma lokaci ya yi da za a juya kyamara, a nuna ranar da ɗan birni zai durƙusa gaban baƙauye yana neman a koya masa yadda ake rayuwa.

KUƊI, LOKESHAN DA HUKUMA

Furodusa zai tambayi kuɗi. To, sararin sama mai duhu da Turawa ke kashe dukiya su haɗa a kwamfuta, mu hazo na kawo mana shi kyauta daga Disamba zuwa Fabrairu. Busasshen rafi, kufai, gonar da aka girbe, tsohuwar mota a bayan gareji, duk suna nan. Sutura kuwa tsumma ce. Abin da zai ci kuɗi shi ne rubutu mai kyau, sauti mai kyau, da haƙurin zama a ƙauye sati huɗu maimakon a harhaɗa fim a kwana biyar. Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura kuma Nijeriya ta tura shi gasar Oscar a 2024, ya nuna za a iya babban aiki a wajen birni. Daɗin Kowa na Arewa24 kuma ya nuna 'yan kallo na karɓar labarin waɗanda rikici ya raba da gidajensu.

Masu cewa fim ba ya tafiya sai da waƙa, ga gangar noma, ga waƙar niƙa, ga ta daɓe. Su suka fi dacewa da labarin, ba sai an sa jaruma ta canza kaya sau bakwai a bakin dam ba. Batun Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, sai a kiyaye abu guda: kada a haɗa labarin da alamomin tashin Alƙiyama, kada a sa wa kowa rigar annabta ko ta Mahadi. A tsaya kan cewa jarrabawa ce, kuma a nemi shawarar malamai tun a matakin rubutu.

Ku kuma 'yan kallo, musamman na Kabo, Gwarzo, Ƙaraye da Shanono, kafin wani darakta ya farga ku riga shi. Duk mai kaka a raye ya zauna da ita ya tambaye ta abin da aka ci a shekarar 1973, wa ya ba da aron iri, wa ya ɓoye hatsi, yaya aka yi da shi da damina ta dawo. Ku ɗauka a waya, ku rubuto mana. Za mu buga waɗanda suka fi ma'ana a wannan shafi, ko Allah zai sa wani furodusa ya gani ya ɗauki kyamara ya nufi Dugabau kafin hazon bana ya wuce.